Randar da na'ura ke yanke wa zai sha: ta ina zan fara?

Ɗan Kusugu:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina shirya wani aikin baje koli a Daura, irin fasahar nan da ra'ayi ke gaba da kyan zane. Tushensa labarin da kowane yaro a garin nan ya sani: maciji ya tare rijiyar Kusugu, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Abin da na riƙe a labarin shi ne halin mutanen gari. Rijiya tasu ce, ƙishi nasu ne, amma wani abu da ba ya jin roƙo, ba ya ba da dalili, shi ke yanke musu ranar sha. Yau ma muna tsayawa gaban irinsa. Manhajar bashi a waya ta ce ba ka cancanta ba, na'urar tantancewa ta ƙi gane fuskarka, kuma ba wanda za ka riƙe wa riga ka tambaye shi me ya sa.

Ga tsarin da nake da shi: randa cike da ruwa, kyamara a samanta, da 'yar ƙaramar kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira. Mutum ya tsaya, ta dubi fuskarsa, ta yanke ko ya cancanci ruwa. In ta yarda ruwa ya zubo, in ta ƙi ya wuce. Kwana 3 za a yi, kamar awa 8 kullum, a babban zaure, cikin watan Afrilu, kuma wutar lantarki ba abin dogaro ba ce a wurin.

Ina neman shawara kan abu uku. Ra'ayin ya tsaya da ƙafarsa, ko kuwa wasan na'ura ne kawai? Waɗanne kaya zan saya, kuma ina suke ba da matsala? Sannan yaya zan horar da ita a kan fuskokin mutane ba tare da na ci zarafin kowa ba? Allah ya saka da alheri.

Malama Mai Alli:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ra'ayin yana da ƙashi, amma kada ka sayi ko da waya guda sai ka rubuta shi a takarda. Sol LeWitt, ɗan Amurka da ya yi rubutu kan irin wannan fasaha a 1967, zanen bangonsa da yawa umarni ne a rubuce, wasu ne ke zuwa su zana. Gwada aikinka da wannan ma'aunin: rubuta shi cikin layi biyar, ba sunan kwamfuta, ba sunan manhaja. Idan wani a Katsina zai karanta ya gina, kuma mai kallo ya fita da tambayar da kake so, to ya tsaya. Idan sai ka tsaya kusa kana bayani kafin a gane, da sauran aiki.

Babban abin da ke kashe irin wannan baje koli shi ne mutane su fita suna cewa "kai, Bature ya iya!" Da zarar mamakin na'ura ya rufe tambayar, an yi asara. A Oktoba 2018 an sayar da wani hoton da kwamfuta ta haɗa, wanda aka sa wa suna Edmond de Belamy, a gidan gwanjon Christie's kan dala 432,500, kuma kusan duk maganar da ta biyo baya ta kuɗin ce. Ka kwatanta da ImageNet Roulette na Trevor Paglen da Kate Crawford a 2019. Mutum ya ɗora hotonsa, manhajar ta liƙa masa laƙabi daga cikin waɗanda ke rumbun hotunan ImageNet, wasu laƙuban na cin mutunci ne tsagwaronsu. Ba ado, ba kiɗa. Mutane sun ga da idonsu abin da aka koya wa na'urori game da su, kuma a lokacin ne masu rumbun suka sanar za su cire hotunan mutane wajen 600,000. Wannan layin nake so ka bi.

Kada ka ƙera wa na'urar siffar maciji ko ta mutum. Ban da abin da ka sani na ƙyamar sassaƙa mai rai a wurinmu, akwai dalili na aikin kansa. Sun Yuan da Peng Yu, 'yan China, sun girka wani hannun ƙarfe irin na masana'anta a gidan baje kolin fasaha na Guggenheim da ke New York a 2016, yana ta share wani jan ruwa mai kama da jini, ruwan na sake malalowa. Masu kallo da yawa tausayin hannun suka ji, suna cewa ya gaji. Duk na'urar da ta yi kama da mai rai, tausayi gare ta yake komawa, kai kuma wanda aka hana ruwa kake so a tausaya wa. Bar ta tsirara, wayoyinta a waje, a kan allon katako.

Sai maganar da ba zan sassauta ba: ruwa. A Afrilu zafi yana haura digiri 40 a yankinmu, kuma ka san hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim kan mutumin da yake da rarar ruwa a hanya ya hana matafiyi. Ba a hana mai ƙishi ruwa da sunan fasaha. Ajiye randa ta biyu a bakin fita, da faifai da moɗa, kowa ya sha ba tambaya. Wannan ba ta rage wa aikin komai, ƙara masa take yi, domin mai kallo zai wuce ta gaban randuna biyu cikin minti biyu, ɗaya irin ta ƙofar gidajen kakanninmu, ɗaya mai kyamara. Kuma ka yi abinka nesa da rijiyar Kusugu kanta. Ambatonta a rubutun bango ya isa.

Injiniyan Ƙofar Ƙaura:

Malam, ga ɓangaren ƙarfe. 'Yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 mai ƙwaƙwalwar giga 4 ta wadatar, da kyamararta ko kyamarar USB ta kwamfuta. Tana son bolt 5.1 da amfiya 3. Ka kawo wuta daga batir mai bolt 12 ta hanyar 'yar na'urar rage ƙarfin wuta mai ɗaukar amfiya 5, kada ka yi amfani da cajar mota ta waya. In wutar ta sauka ƙasa da bolt 4.63, Pi tana nuna gargaɗi ta rage gudu, kyamara ta riƙa yankewa, kai kuma ka yi ta zargin manhaja.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne sayen bawul ɗin roba mai bolt 12, wato makunnin ruwa da wuta ke buɗewa da rufewa, ya ce zai liƙa a gindin randa. Yawancinsu an rubuta musu 0.02 zuwa 0.8 MPa, ma'ana sai ruwa yana da tsayin kusan mita 2 a samansu kafin su buɗe sosai. Randa ba ta ba ka ko rabin mita. Za ka ji bawul ya yi ƙas, ruwa kuwa sai ɗigo. Bayan haka huda randa fasa ta yake yi. Sayi ƙaramin famfo R385 mai bolt 12. Yana cin kamar rabin amfiya zuwa 0.7, yana tura lita 1.5 zuwa 2 a minti. Zura tiyon silikon irin na abinci ta bakin randa, ƙarƙashin faifai. Kofi mai mililita 200 yana cika cikin daƙiƙa 6 zuwa 8, amma ka auna naka da kofin awo sau biyar ka ɗauki matsakaici, domin gudun yana sauka in batir ya yi sanyi. Bakin da ruwa ke fitowa ya kasance sama da matakin ruwan randa. In ya yi ƙasa, bayan famfo ya tsaya ruwa zai ci gaba da tsiyaya da kansa, kamar yadda ake zuƙo fetur daga tanki da tiyo, sai na'ura ta hana mutum amma ruwa na zuba.

Kada ka haɗa famfo kai tsaye da ƙafar Pi. Ƙafafunta bolt 3.3 suke bayarwa, wutar kuma ba ta wuce miliamfiya 16. Sa rile a tsakani, ko MOSFET irin IRLZ44N, duka biyun makunnai ne da ƙaramar wuta ke kunna babba da su. Sannan ka gitta dayod 1N4007, ɗan ƙaramin abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a kan wayoyin famfo biyu, zoben farin yana fuskantar jan waya. In ka bar shi, duk lokacin da famfo ya tsaya yana harbo wuta baya, Pi ta daskare ko ta sake tashi da kanta. Sa makunni mai iyo a cikin randa don famfo ya ƙi tashi in ruwa ya ƙare. Mutum 150 a rana, kowa mililita 200, lita 30 ke nan.

Lissafin batir: duka kayan za su ci kamar wat 10 zuwa 12 a matsakaici, awa 8 ya kama kusan wat-awa 100. Batir mai 12V 18Ah yana da 216 a takarda, amma irin na dalma rabinsa kawai ake ci in ana so ya daɗe, don haka yana bakin iyaka. Ɗauki 26Ah ko sama, a caja shi kowane dare.

Zafi shi ne abokin gabarka a Afrilu. Pi tana fara rage gudu a digiri 80. Sa mata ƙarfen sanyaya da fanka, kada ka rufe ta cikin akwatin roba, ka riƙa duba ta da umarnin vcgencmd measure_temp da tsakar rana. Randa kuma tana tsatsafo da ruwa ta jikinta, shi ne ma sirrin sanyinta, saboda haka allon kayan wuta ya zauna sama da ita kuma gefe, ba ƙarƙashi ba. A cikin raspi-config, wato wurin saitin Pi, kunna tsarin da ke hana rubutu a katin ajiya, domin yankewar wuta bagatatan ita ke lalata kati. Ka kuma kwafi kati na biyu ka sa a aljihu.

In kana so hukuncin ya zama abin riƙewa a hannu, ƙara firintar rasit mai faɗin milimita 58, irin takardar masu POS. Ta buga, misali: "Hukunci: an hana. Tabbaci: kashi 91. Dalili: babu." Ba ta nata layin wuta daban, domin tana fizgar kusan amfiya 2 lokacin bugu. Ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, alamar tambaya ko shirme za ta fitar, sai ka mayar da rubutun hoto mai faɗin ɗigo 384 ka tura mata. Takardar tana baƙi in ta sha zafi, rubutun kuma yana gushewa, duk wadda za ka liƙa a bango ka yi mata kwafi tukuna.

'Yar Magajiya:

Yaya, kan tambayarka ta uku shawarata ita ce ka rabu da fuska gaba ɗaya.

Dalili na farko na aiki ne. Binciken Joy Buolamwini da Timnit Gebru na 2018 ya gwada manhajojin manyan kamfanoni uku masu gane ko fuska ta namiji ce ko ta mace. Kuskure a kan maza masu farar fata bai wuce kashi 0.8 ba, a kan mata masu duhun fata ya kai kashi 34.7. Wannan fa a kamfanoni masu tarin hotuna ke nan. A zaure abin ya fi muni: mutum ya shigo hasken ƙofa na bayansa, kyamara ta daidaita kanta da hasken, fuska ta zama inuwa. Abin da na'urarka za ta koya daga hotuna 200 shi ne hula da hijabi da launin bango. In waɗanda ka sa a rukunin "a ba shi" yawancinsu abokanka ne masu hula, za ta riƙa korar mata a gaban jama'a. Gaskiya ne wannan shi ne ainihin cutar da kake son nunawa, amma a jikin wata baiwar Allah da ta zo kallo za ka nuna ta, ba ta kuma yarda da haka ba.

Na biyu doka. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan halittar jiki da ake tantance mutum da su cikin masu tsananin kariya, yaro kuma sai da yardar iyaye ko mai kula da shi. Baje koli a Daura yara ne za su cika shi.

Ga mafita: ta yi hukunci a kan abin sha. Jera a tebur kofin tangaran, kofin gilashi, kofin silba, kofin roba, ƙoƙo da gwangwanin madara. Mutum ya zaɓi ɗaya, ya ajiye a da'irar da aka zana ƙarƙashin bakin ruwa, ya janye hannu. Kyamara ta kalli ƙasa daga tsayin kamar santimita 40, ba ta ganin kowa. Janye hannun wajibi ne, in ba haka ba za ta koyi lalle da zobe da agogo, ka koma inda ka gudo.

Teachable Machine na Google, shafin da ake koya wa na'ura rarrabe hotuna, ya isa wannan aiki, a burauza ake horarwa, sai ka fitar da shi a tsarin TensorFlow Lite, wanda ƙananan na'urori ke iya ɗauka, ka ɗora a Pi, ba ya bukatar intanet bayan nan. Yi rukuni 3: "a ba shi" da tangaran da gilashi, "a hana shi" da roba da gwangwani, da "babu komai" na da'ira wayam. Na ukun nan kada ka manta shi, domin manhajar kullum raba kashi 100 take yi tsakanin rukunan da ta sani, in ba shi za ta yanke wa tebur hukunci ta zuba masa ruwa. Hotuna 200 kowane rukuni, kana juya kofin, kana matsar da shi kaɗan. Ware 40 daga kowanne da ba za ta gani a horo ba, da su za ka gwada ta. Ɗauki hotunan a kan teburin da za a yi amfani da shi, ƙarƙashin fitilar LED guda da ba ta motsi, da rumfar kwali da ke tare hasken waje, domin hasken hantsi daban yake da na la'asar. A wurin aiki ta ɗauki hoto 5 a jere ta yi matsakaici, kada hukunci ya riƙa rawa.

Silba da ƙoƙo kada ka nuna mata su ko sau ɗaya. Ranar baje koli za ta yanke musu hukunci duk da haka, wani lokaci da tabbacin kashi casa'in da wani abu, alhali ba ta taɓa ganinsu ba. Nan ne zuciyar aikin take a ganina.

A bangon fita ka liƙa hotunan horon duka, kowanne da laƙabinsa da rubutun hannu, kamar yadda Anna Ridler ta yi a 2018 da hotunan furen tulif 10,000 da ta ɗauka ta kuma rubuta wa laƙabi da kanta. Mai kallo ya ga cewa mutum ne ya zauna ya ce tangaran ya fi gwangwani. A ƙasa ka rubuta awa nawa aikin ya ci da abin da aka biya wanda ya yi shi. Mujallar Time ta ruwaito a Janairu 2023 cewa ma'aikata a Kenya da ke tace rubutu don horar da irin waɗannan manhajoji ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa. Sannan ka tanadi baho biyu, na sabulu da na ɗauraya, da mutum guda da ba shi da aiki sai wanke kofi.

Ɗan Kusugu:

Na gode ƙwarai, na karɓi maganar kofuna da randa ta biyu. Saura abu guda: a labarin akwai wanda ya zo ya kawo ƙarshen abin. A nawa aikin ina Bayajidda? Ko in bar shi babu?

Malam Na Gobarau:

Ɗana, kafin in amsa, ina da ɗan saɓani da 'Yar Magajiya. Hujjarta ta doka da mutunci daidai ce, kada ka ɗauki fuskar kowa. Amma in kofi kaɗai ake hukuntawa, mutum zai canza kofi ya sake gwadawa, abin ya koma cacar yara. Ɗaure kowa da zaɓi guda: a ƙofa a miƙa masa kofi daga cikin buhu ba tare da ya gani ba, kamar yadda ba wanda ya zaɓi gidan da aka haife shi. Sannan ka kafa madubi a bayan randa daidai tsayin fuska. Kyamara na kallon kofi, shi kuma yana kallon kansa lokacin da rasit ke fitowa. Ba a ajiye hoton kowa ba, amma ya ji a jikinsa.

Batun Bayajidda kuwa, kada ka kawo jarumi daga waje. Lauren Lee McCarthy ta yi wani aiki daga 2017 inda ta zama ita ce mai kula da gidajen mutane daga nesa, tana kallo ta kyamara, tana kunna musu fitila da sauran kaya a madadin na'ura, don a ga bambancin a ce mutum ne ke riƙe da makunni. Kai ma sa makunni, na dannawa, wanda ke haɗa famfo da batir kai tsaye ba tare da ya bi ta Pi ba. Ruwa na zuba muddin ana danne da shi. Kafa shi a bango mita 2 daga bakin ruwa, yadda wanda aka hana ba zai iya riƙe kofi ya kuma danna da kansa ba, sai wani ya danna masa. Kada ka rubuta komai a kansa, kada mai tsaron ɗaki ya nuna shi. Jan waya mai kauri da ke tafiya a fili daga randa zuwa makunnin ta isa ishara ga mai lura.

Abin da za ka ƙidaya a kwana ukun shi ne mutum nawa aka hana, nawa suka yi wa na'urar magana ko suka roƙe ta, nawa suka nemi wanda za su kai wa ƙara, da sau nawa aka danna wa baƙo. Mutum guda ya zauna a gefe da littafi yana jan layi, ba suna, ba hoto. Sanar da mai unguwa da masu zauren tun da wuri, ka nuna musu cewa kyamara ƙasa take kallo, ka kuma rubuta hakan da manyan baƙaƙe a ƙofa, da boko da ajami.

Wajen haɗa makunnin, layinsa ya bi ta makunni mai iyo ɗin nan da Injiniya ya ambata, don kada yara su danne shi randa ba ruwa famfo ya ƙone. Sa fis mai amfiya 2 a layin famfo, kusa da kan batir. Tazarar mita 2 zuwa da dawowa mita 4 ce ta waya, ka yi amfani da mai kaurin milimita 1, siririyar wayar gwaji tana rage ƙarfin famfo har awon daƙiƙoƙinka ya sauya.